Shirun Malam Ƙeya

Yaran makarantar sun fi sanin ƙeyarsa a kan fuskarsa, shi ya sa suka laƙaba masa Malam Ƙeya, sunan kuma ya bi shi har ya danne na gaskiya. Ko matarsa, in ya ɓata mata rai, da shi take kiransa. Shi ne malamin aikin kafinta. Ɗakinsa yana can ƙarshen makaranta, bayan famfo, inda aka tura shi don kada ƙarar guduma ta hana masu lissafi tunani. Dogon ɗaki ne mai rufin kwano, da bencinan aiki jere biyu, kowane da ƙarfen matsi a gefensa na kama katako. Zartuna na rataye a bango, kowane a ƙusarsa, an zana siffarsa da fenti a bayansa yadda in ɗaya ya ɓace bangon ne zai fara kai ƙara. Manyan 'yan firamare da ƙananan 'yan sakandare ne ke zuwa masa, maza da mata, aji bayan aji.

Ga yadda yake koyarwa. Zai nuna sau ɗaya a nutse: yadda ake jan layi da fensir, yadda ake matse katako, yadda ake ɗora haƙoran zarto a ja baya kafin a tura. Daga nan sai ya taka zuwa taga, ya goya hannuwansa a baya, ya ba su ƙeya. Zartuna su kaure da kuka. Baƙon da ya leƙo zai rantse malamin nan albashin banza yake ci, ga yara da makamai a hannu shi yana kallon bishiya. Can sai ka ji ya ce, ko waiwaye babu, "Kai na bayan ƙofa, zarto ba gatari ba ne, sassauta masa." Ko kuma, "Ke mai tari, kin bar layi." Yarinya ta duba, ta ga lallai ta bar layi, ta kama baki.

Da kunne yake gani. Zarton da aka danne gurnani yake yi, wanda ya karkace yana sakin siririyar ƙara, wanda ya dakushe kuma sai ka ce tsoho na gyaran murya. Katakon da ba a matse ba kaɗawa yake, kar-kar-kar, kuma babu sautin da ya tsana kamar wannan, don daga shi sai jini. Har tsayawar zarto yana ji. Ɗaya ya yi shiru a cikin taron, zai ce, "Wa ya rasu a bencin ƙarshe, mu je gaisuwa?" Yara suka yi ta yaɗa cewa akwai ido a cikin ninkin ƙeyar.

Yabo ne ba ya yi. In ya yi maka shiru, to kana kan daidai. Kowane yaro ya haddace wannan tun makon farko: shirun Malam izini ne. Ka ce, "Malam, in yanka nan?" bai tanka ba, to yanka abinka, don da kuskure ne da tun ba ka rufe baki ba ya tare ka. Da gangan ya kafa dokar, so yake yaro ya saba da yarda da kansa.

Wannan ba da ƙeya ba wulaƙanci ba ne, dalili gare shi. Yana ƙarami mahaifinsa ya kai shi wurin wani kafinta a bakin kasuwa, mutum mai jajayen idanu da ba ya ƙifta su. Zai tsaya a kan yaro, numfashinsa na sauka a wuyansa, ya zuba wa hannun ido har hannun ya fara rawa. In ya yi rawa ya ɓata katako, in ya ɓata ya sha ranƙwashi. Shekara da shekaru bai taɓa yanka madaidaici ba, sai ran da maigidan ya yi tafiya ya bar shi shi kaɗai da allon wani tebur. Ranar ya gane hannunsa lafiyarsa lau, ido ne ke karya shi. Da ya samu shiga makarantar koyon sana'a, daga baya aka ɗauke shi koyarwa, ya yi wa kansa alkawari ba zai tsaya a kan ɗan kowa ba.

Albashin malami kuwa an san halinsa, ba ya ganin ƙarshen wata. Don haka duk ranar hutu yana can injin yankan katako, tun yana saurayi har furfura ta keto, kansa dab da ƙarfen da ke kururuwa. Ba mai toshe kunne a wurin, wanda ya cusa auduga dariya za a yi masa a ce rago ne. Da injin nan ya ciyar da 'ya'yansa har suka tashi suka kama gabansu. Injin kuma yana cirar ladansa kaɗan-kaɗan, ba wanda ya lura.

A da ɗakunan sana'a uku ne a makarantar, na ɗinki, na wayar lantarki, da nasa. Malamar ɗinki ta yi ritaya, kekunan suka yi tsatsa, ɗakin ya koma ma'ajiyar karyayyun kujeru. Malamin lantarki ya samu aiki a kamfani, aka sa wa ƙofarsa kwaɗo. Ba a taɓa turo madadin kowa ba. Haka mutane suke, kowa na son kujera mai kyau ya harɗe a kai, amma ka ce ɗansa ne zai ƙera ta, sai ya haɗe rai kamar ka zage shi. Hedimasta, mutumin kirki mai yawan tagumi, ya sha gaya masa, "Malam, kai kaɗai ka rage mana. Ran da ka ajiye, kwaɗo zan sa, ba don ina so ba."

Tsuntsaye ne suka fara tafiya. Wata safiya yana shan shayi a tsakar gida ya ce wa matarsa, "Tsuntsayen bishiyar nan ƙaura suka yi ne?" Ta dube shi, ta dubi bishiyar da tsuntsayenta suka cika unguwa da hayaniya. Sai rediyo ya lalace, ya kai gyara, mai gyara ya ce ƙalau yake. Sai mutanen gari duk suka koma magana a cikin maƙoshi. A gurbin abin da ya tafi, wani siririn fito ya tare a kunnensa, ba ya hutu.

Da ƙyar matarsa ta ja shi asibiti. Likita ya leƙa kunnen, ya ɗora masa wani abu a kai, ya yi ta danne-danne, sannan ya matso kusa ya ce, "Baba, abin da ya tafi ba zai dawo ba, sauran ma a hanya yake. Akwai na'urar da ake maƙalawa, za ta taimaka maka wajen hira. Amma cikin hayaniya duk ƙara haɗe maka za ta yi ta zama ɗaya." Shi kuwa duk aikinsa a duniya shi ne rarrabe ƙarar aji guda, ya ba kowa tasa.

Matarsa ta koyi tsayawa a gabansa in za ta yi magana, ta riƙa buɗe baki sosai.

"Baban yara, ka gaya wa Hedimasta."

"In gaya masa me? Ya je ya sayo kwaɗo?"

"To ka juyo mana ka riƙa kallonsu, kamar kowane malami."

"Ido biyu gare ni, hannuwansu fal ɗaki. Ina kallon wannan, wancan ya gama ɓarna. Kuma ran da na juyo, ranar za su gane."

"'Ya'yan mutane ne fa."

"Don 'ya'yan mutanen nake yi. Rabin yaran nan ɗakina ne kaɗai inda suke ɗaga kai a makarantar. A aji an gama yanke musu hukunci, daƙiƙai ne. In an rufe, ina za su?"

Ta san gaskiya ya faɗa, ta kuma san gaskiyar ba ta isa ba. Ta kwashe kofuna tana cewa, "Allah ya shirye ka, Malam Ƙeya, taurin kai dai bai ragu ba." Ta riga ta juya baya, don haka bai ji ba.

Sai ya shiga dabara. Ya goge gilashin tagar tas, ya daina buɗe ta ko ana zafi, saboda a cikin gilashin yana hango inuwar bencinan dishi-dishi. Sauran ya cike da sanin hali, wanda ya danne zarto jiya ai zai danne yau. Lokaci-lokaci ya jefa gyara, yawanci kuma ya dace, yara su ci gaba da mamakin idon ƙeya. Shi kaɗai ya san me yake ciki. Duk aka tashi aji rigarsa sharkaf take da gumi, tsoro fal cikinsa, ga kunyar ƙaryar da yake yi wa yaran da suka yarda da shi. Benci ɗaya ne gilashin ba ya kamawa, na can lungu. Wannan bai dame shi ba, don na Bahaguwa ne.

Bahaguwa 'yar siririyar yarinya ce mai shiru-shiru, wadda sauran malamai suka daɗe da sallamawa. Da hagu take komai. Ta fara zuwa ɗakinsa tun tana firamare, lokacin kunnen da sauransa, ranar farko ya ji wani zarto na tafiya a karkace kamar mai jin kunya. Bai ce ta sauya hannu ba. Ya kwance matsin wani benci ya mayar da shi ɗaya gefen, ya ja bencin lungu don kada gwiwar hannunta ta riƙa karo da ta maƙwabci. Tun daga nan yarinyar nan ta buɗe. Wata rana ta zo ta tsaya bayansa ta ce, "Malam, zarton nan akwai haƙori ɗaya da ya fi sauran tsawo, ina jin shi yana tuntuɓe." Ya duba, haka ne. Magagarin wasa zarto kawai ya miƙa mata ta gyara da kanta. Amma da ya koma gida sai da ya ishi matarsa da labarin. Kunnensa ne ya gani a jikin 'yar mutane, kuma yana ƙaunarta kamar shi ya haife ta.

Ranar da abin ya faru, ƙananan kantoci na ajiye littattafai ajinsu ke yi. Matsin bencin Bahaguwa ya tsufa, zaren ƙarfen ya cinye, ta juya ta juya ya ƙi kamawa. Ta ɗaga murya ta ce, "Malam, matsina ya ƙi kamawa. In riƙe da hannu?"

Ƙeya ba ta motsa ba.

Da yake yarinya ce mai hankali, ta sake tambaya. Shiru. Na kusa da ita ya ce, "Ai ya yarda, yanka kawai." Ta dafe katakon da hannun dama, ta ɗora zarto. Katakon ya shiga kaɗawa, kar-kar-kar, sautin da a da ko barci yake zai tashe shi. Zarton ya yi tsalle daga layi ya sauka a gindin babban yatsanta.

Abin da ya gani a gilashi shi ne inuwoyi suna barin bencina suna rugawa lungu. Har ya buɗe baki zai yi faɗa a kan wasa, sai ya juyo. Bakunan yara duk a buɗe suke, suna ihun da bai kai gare shi ba sai kamar daga bayan gari. Garin katakon da ke ƙasa ya jiƙe ya yi ja. Ya yage gefen rigarsa ya ɗaure hannun, ya sungume ta, tsoho da shi ya yi ta gudu har bakin titi.

A asibiti an ɗinke raunin, amma likita ya ce jijiya ta tsinke, yatsan ba zai ƙara lanƙwasa kamar da ba. Mahaifinta, wani mai faci da baƙin mai har gwiwar hannu, ya kama hannun malamin ya ce, "Malam, tsautsayi ne, kada ka sa a ranka. Yaran yanzu ba sa jin magana." Yarinyar na zaune a bakin gado, kanta a sunkuye. Malamin ya ga leɓɓanta sun motsa. Ya durƙusa a gabanta.

"Ɗago ki dube ni, 'yata. Sake faɗa."

Ta ɗago, idanunta sun kumbura. "Ba doka na karya ba, Malam. Na tambaye ka. Ka yi shiru."

Ba ƙararsa take kaiwa ba, tsoro take kada ya ɗauka ta yi masa rashin ji. Wannan ne ya karya shi. Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi. Yana durƙushe ya ɗaga kai ya ce wa mahaifin, "Yarinyarka tana jin magana. Ni ne ba na ji." Mai facin ya yi sororo, a hankali ya sake masa hannu.

Washegari da safe ya shiga ofishin Hedimasta. Mutumin ya tashi yana zagaya tebur, yana ta magana fuskarsa a taga, da alama haƙuri yake ba shi. Malam Ƙeya ya bar shi ya yi mai isarsa, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ka fuskance ni. Duk abin da ka faɗa ban ji ko ɗaya ba. Na daɗe ba na ji." Hedimasta ya zauna, ya zabga tagumi. Can ya ce ko a samo wani malami ya riƙa tsaya masa a ɗakin. Dukansu sun san babu wannan malamin, wanda ake da su ma ajujuwa sun fi ƙarfinsu. Malam Ƙeya ya ce zai ajiye aikin. Abu ɗaya ya roƙa, a bar shi ya yi darasin ƙarshe da ajin Bahaguwa, su ƙarasa yankan da suka fara, Hedimasta ya tsaya a ƙofa ya zama ido.

Kafin ranar labari ya gama makaranta. Yaran suka shigo sumui-sumui, ba turereniya, ba dariya. Bahaguwa ma ta zo, hannunta a naɗe an rataye shi a wuya, ta zauna a bencinta na lungu. Ya bi bencinan ɗaya bayan ɗaya, ya matse kowane katako da hannunsa, ya girgiza ya tabbatar. Sannan ya taka zuwa taga. Ya buɗe ta, abin da ya daɗe bai yi ba, gilashin ya koma waje, iska ta shigo. Yau ba ya son dabara. Ya goya hannuwansa a baya, ya rufe ido, ya ce, "Bismillah."

Da farko fiton nan ne kawai. Ya saurara, ya ƙara saurarawa, har jijiyar wuyansa ta tashi. Can sai ga su. Daga nesa suka taso, a hankali suka cika masa kai, gurnanin na bayan ƙofa, siririyar ƙarar mai tari, tuntuɓen dakusasshen zarton tsakiya, kowane da muryarsa tsaf kamar shekarun baya. Wani daɗi ya ratsa shi har ƙafa. Ashe ba su tafi duka ba.

"Na bayan ƙofa, sassauta," ya ce. "Yauwa. Mai tari, koma kan layi. Haka. Na tsakiya, ja baya tukuna kafin ka tura."

Ya ci gaba, yana gyaɗa kai, yana bin su benci-benci. Yau har yabo ya ɓarke masa, wanda ya riƙe shekara da shekaru. "Madalla. Haka nake so. Kun iya, wallahi kun iya, duk wanda ya ce muku ba ku iya komai ba ƙarya yake. Ku ci gaba, kada ku tsaya."

Sai ya ji an ja hannun rigarsa.

Ya buɗe ido, ya juyo. Babu zarto ko ɗaya a hannun kowa. Duk suna rataye a bango, kowane a ƙusarsa, a kan siffarsa ta fenti. An jera yankakkun katakai a kan bencina, har an tattara garin katako an kai lungu. Yaran na tsaye cirko-cirko, wasu na share hawaye da gefen riga, na bayan ƙofa ya kifa kansa a bango. A waje filin makaranta ya cika da masu tafiya gida. Hedimasta na bakin ƙofa, ya kawar da kai, ya ɓoye kwaɗon a bayansa.

Bahaguwa ce riƙe da rigarsa, da hannun hagu. Ta ɗaga fuska sosai yadda zai ga bakinta, ta faɗa a hankali, kalma-kalma.

"Malam, an buga ƙararrawa tun ɗazu. An tashi."